Tsohuwa a Ɗakin Ƙasa

Zuwa ga ɗana Mai Burodi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka da yara. Yaya jikin babanka? Direban da ke kai mana saƙo ya ce hannun dama bai dawo ba har yanzu, maganar ma sai a hankali. Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce masa ƙanwarsa mai surutu tana gaishe shi. Ni 'yar ƙanen babansa ce, amma ya sani ko waɗanda suka fito ciki ɗaya ba su kai ni damuwa da shi ba.

Ni lafiyata ƙalau, sai kunnen nan da ya ƙara nauyi. Shi ya sa na koma takarda. In ka kira ni a waya ihu kake yi, ni ma ihu, mu kashe ba wanda ya ji wani. Takarda kuwa ba ka isa ka katse ta ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. A asibitin da nake riƙe da kicin an kawo mana sabuwar shugaba mai tsirfa. Rannan muna tsakiyar girki aka kaɗa ƙararrawa, wai mu ɗauka gobara ce. Muka fita muna tsaki. Da muka dawo ta tsaya a gabana ta ce, in gobe ban zo aiki ba, wa ya san inda ake rufe gas? Wallahi ba kowa, ni kaɗai. Har na isa gida ba kicin ɗina nake tunani ba, gidan burodinku nake gani.

Kun zauna a gangare, kwatar bayanku kuma tun ina budurwa take cika ta tumbatsa. Bana an ce damina za ta yi ƙarfi. Fulawa in ta jiƙe a sayi wata, injin in ya lalace a gyara. Amma Tsohuwa fa? Tsamin kwaɓin nan da babanka ya haɗa tun yana saurayi, wanda kuke ciyarwa kullum da fulawa da ruwa, kuke ɗiba a ciki burodi ya tashi ba tare da yis ba. Ita ce ɗanɗanon da mutane ke tsallake gidajen burodi da yawa su zo saya. In ta mutu, a wace kasuwa za ka samo wata? Ga ta a randa ɗaya, a ɗakin ƙasa, makulli ɗaya, a aljihun mutum ɗaya.

Babanka ya riga ya kwanta, kai ma ba ƙarfe ba ne. Ka yanko makulli na biyu ka ba matarka. Ka ɗebi kaɗan daga Tsohuwa ka ajiye a wani gida. In ba ka da inda ka yarda da shi, ka shafa ta a faranti ta bushe, ka ƙulla ka ba direba ya kawo min. Ɗana Auta yana gida ba ya aikin komai tun da otal ɗinsu ya rufe, shi ma ya iya kwaɓi, zai kula da ita.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da gaisuwa. Baba da sauƙi. Yanzu yana iya zama a kujerarsa ta bakin ƙofa, kuma kullum da safe sai ya ci kan burodin farko, wajen ɓawon nan, kamar yadda ya saba. In ya tauna ya gyaɗa kai, sai mu buɗe wa masu saye. Yara lafiya, maman yara tana gaishe ki.

Gwaggo, batun damina ba mu yi barci ba. Na sa an yashe kwata. Na sa kafinta ya yi dandamali na katako, buhunan fulawa duk sun hau sama. Janareta ma na ɗaga shi kan bulo. Mai Tanderu ya ce tun da yake aiki da Baba bai taɓa ganin shiri irin na bana ba.

Amma Tsohuwa ba ta motsawa. Ɗakin ƙasa ne kaɗai ke da sanyin da take so, in aka hau da ita sama zafi zai sa ta haukace. Kuma kin fi ni sanin dalilin makulli ɗaya. Kina nan lokacin da Dogo, wanda Baba ya fara sana'a da shi kamar ɗan'uwa, ya tashi tafiya ya ɗebi kofi guda a ɓoye, ya je kan tudu ya buɗe nasa gidan burodin. Ranar Baba ya rantse Dogo ba zai sake taka ƙofarsa ba, Tsohuwa kuma ba za ta sake barin ɗakin nan ba. Da hannunsa na hagu ya damƙa min makullin a asibiti. Yanzu da ba ya iya magana sosai ne zan karya masa?

Zan faɗa miki gaskiya, ki yi haƙuri. Na karanta takardarki na sake karantawa, kuma wurin da na tsaya shi ne ƙarshe. Kin ce Baba ya riga ya kwanta, ni ma ba ƙarfe ba ne, sai kuma ga Auta ba ya aiki, ya iya kwaɓi. Gwaggo, Baba bai mutu ba tukuna. In Auta gidan burodi yake son buɗewa, ya zo da kansa ya faɗa, in koya masa abin da zan iya. Ba sai an biyo ta kan damina ba. Abin da Dogo ya yi da kofi, ba na so a yi mana shi da ambulan.

Ɗanki

*

Ɗan nan,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya.

Ikon Allah! Ni ce yau ɓarauniyar kwaɓi? Ni da na goya ka a baya ka tsula min fitsari ranar da na sa sabon zane? Sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa, ko idona ne. Auta ko ruwan zafi ka ba shi ya sayar sai ya yi asara, shi ya sani, ni na sani. Na ambace shi ne don ni aiki nake fita, shi ne mai zaman gida.

Da na ce babanka ya kwanta, ba fata nake masa ba. Ina nuna maka ne cewa shi ma da safe ya fita da ƙafafunsa, da rana aka kawo shi a ɗauke. Wa ya yi shirin wannan?

Taurin kai gadonku ne, ba zan yi mamaki ba. Riƙe Tsohuwarka. Kada ka aiko min ko ɓarɓashi, na yafe. Amma makullin nan, don girman Allah, ka yanka wa matarka. Ita dai ba ta da ɗan da ya iya kwaɓi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ba zan sake rubutu ba sai na huce.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da Auta. Na san kin ji shiru. Da farko fushi ne, ban amsa takardarki ba, na cusa ta a ƙarƙashin katifa. Daga baya kuma hanya ce ta yanke, direba bai samu wucewa ba sai yanzu. Muna raye dukanmu, Baba ma yana nan. Wannan na fara faɗa don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta saura.

Gwaggo, Tsohuwa ta mutu.

Ranar da abin ya faru ranar da ake yi wa Baba gashin ƙashi ce a asibiti. Da muka fita gari garau, ko gajimare babu. Muna cikin layi hadari ya haɗo, aka fara ruwa irin wanda ban taɓa gani ba. Na yi ta kiran gida, ba sabis. Na fito zan taho, aka ce gada ta shafe, ba mota ba babur. Na koma na zauna kusa da Baba, na sa hannu a aljihu, sai na ji makulli.

Abin da ya faru a gida, maman yara ce ta ba ni labari. Kwatar da na yashe ta yi ƙoƙari, amma ruwan ba ta baya ya zo ba, ta titi ya gangaro. Da ta ga ya fara lasar matakalar ɗakin ƙasa, ta ɗauko guduma za ta fasa kwaɗon. Mai Tanderu ya tare ƙofa. Ba mugunta ba ce, Gwaggo, mutumin nan ya tsufa a ƙarƙashin dokar Baba. Ya ce shi dai ba za a fasa ɗakin nan a gabansa ba sai da izinin maigida, a ɗan jira, ai yanzu zan iso. Suka tsaya suna gardama, ita tana kuka, shi yana ba ta haƙuri, ruwa yana hawa. Da ya ga abin ya wuce wasa shi da kansa ya karɓi gudumar. Kafin kwaɗon ya saki, ruwa ya kai masa ƙirji. Randar tana yawo a kife.

Sai washegari na iso. Fulawata tana kan dandamali a bushe, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Janareta ya tashi da bugu ɗaya. Duk abin da kasuwa ke sayarwa na tsirar da shi. Na sauka ɗakin ƙasa na sa hannu cikin randar, laka ce da ruwan kwata. Na kankare ɗan abin da ya manne a gefe, na wanke, na yi ta ba shi fulawa ina lallashi kamar jariri. Ya yi baƙi ya yi wari. Na zubar.

Mun buɗe da yis na leda, don ma'aikata su samu abin kai wa gida. Burodin yana tashi fiye da da, fari tas, taushi kamar auduga, ba ya ɗanɗanon komai. Ban gaya wa Baba ba. Na yanka masa kan na farko na kai. Ya tauna sau ɗaya, ya dube ni, ya tura farantin da hannun hagu. Bai tambaye ni komai ba. Da ma ya zage ni.

Maman yara ba ta ce min kin faɗa ba, ba ta ce ita ma ta faɗa ba. Ta dai ɗauko takardarki daga ƙarƙashin katifa ta ajiye min a kan filo. Ki yafe min maganar ambulan. Bakina ne ya jawo.

Ɗanki

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kuka tsira da rayukanku. Tun da na ga ruwan nan a talabijin na yi ta kiran layinka ko da ihun ne mu yi, bai shiga ba. Yaya Yaya? Yaya matarka? Ka ce mata na jinjina mata, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan. Mai Tanderu kuma kada ka ɗora masa laifi, abin da aka koya masa ya yi.

Maganar yafiya ka bar ta, na huce tuntuni. Da na karanta inda ka sa hannu a randa sai da na ajiye takardar na yi kuka mai isata. Ni na san ranar da aka haɗa ta. Babanka da Dogo samari ne, ba su da ko tanderu, a gidanmu suke aron murhu. Kwaɓinsu na farko kare ma ya ƙi ci.

To share hawayenka ka saurara. Ka ce Tsohuwa ta mutu. Randa ɗaya ce ta mutu. Kofin nan da kuka yi shekara da shekaru kuna tsine wa, ina kake tsammani ya tafi? Yana kan tudu, inda ruwa bai kai ba. Na san Dogo, ko 'yarsa da ke riƙe da shagon yanzu ta koma yis, shi ba zai bar abin nan ya mutu ba.

Sata ce ko ba sata ba, wannan tsakaninsu ne. Babanka ya ce ɓoye ya ɗiba, Dogo ya ce rabinta nasa ne tun asali, da hannunsa aka dama. Ni da nake wurin ba zan iya raba musu ba. Kai kuwa ba ka rantse wa kowa ba. Babanka ya ce Dogo ba zai taka ƙofarsa ba, bai ce kai ba za ka taka ta Dogo ba.

Ka wanke ƙafa ka hau tudun nan, ka durƙusa ka gaishe shi kamar uba, ka roƙe shi cokali ɗaya. In ya kore ka, ka dawo, ba abin da ya ragu a jikinka. Kuma kada ka ce sai an kwana biyu. Tsofaffi biyu ne a maganar nan, ba wanda ya ba ka takardar cewa za su jira ka.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ki. Yara sun koma makaranta. Jikin Baba dai sai addu'a, ya rame, ba ya son fitowa bakin ƙofa yanzu. Likita ya canja masa magani.

Na ji maganarki, kuma ban ce ba gaskiya ba ce. Amma Gwaggo ki duba min. Mutumin da na taso ban taɓa gaishe shi ba, in na hango shi a kasuwa sai in canja layi, yau in je masa da kofi a hannu? Gobe gari ya ɗauka cewa ɗan wane ya je bara wurin wanda ubansa ya kira ɓarawo. In labarin ya koma kunnen Baba yana wannan hali, me zan ce masa?

Na haɗa sabon tsami da kaina. Mai Tanderu ya tuna yadda Baba yake ba da labari, muka bi. Ya fara kumfa, yana tashi, sai dai ɗanɗanon da saura, tsaminsa kaifi gare shi kamar yaro mara kunya. An ce sai ya daɗe yake nutsuwa. Ki ba ni lokaci kaɗan. In ya ƙi, sai in san yadda zan yi da tudu.

Ciniki ya ja baya, ba zan yi miki ƙarya ba. Masu shayin da suke zuwa tun daga nesa sun ce in dai irin wannan ne, akwai shi a bakin titinsu. Ɗaya daga cikin masu kwaɓina ya samu wani wurin, na sa masa albarka. Na yanka makulli, har guda biyu, ɗaya wurin maman yara, ɗaya wurin Mai Tanderu. Ta karɓa ta ce, na ɗakin da ba kowa a ciki?

Kullum ina kai wa Baba kan burodin sabon tsamin. Ba ya ma ɗauka yanzu, ya shinshina ya juya fuska bango.

Ɗanki

*

Ɗana,

Ina gaisuwa, ina yi wa Yaya addu'a.

Takardarka ta daɗe a hanya, kuma da na karanta na so a ce ta ƙara daɗewa. Gari zai ce, gari zai ce! Garin ne yake cin kan burodi da safe? Mutum ya juya fuska bango kana ba ni labarin kumfa.

Tsamin da ka haɗa naka ne, Allah ya raya shi, jikokinka su ci. Babanka ba shi yake jira ba. Da ƙafafuna na da ƙarfin motar nan, da na zo na hau tudun da kaina, in ga wanda zai ce min bara. Na nemi hutu an ce sai an samu mai riƙe kicin, kuma laifina ne, yanzu nake koya wa wata.

Ranar da wannan ta same ka, ka tafi. Ba washegari ba.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Mun ga saƙonki na ta'aziyya ta hannun direba, mun gode, Allah ya bar zumunci. Auta ma ya kira, ki gode masa, ya yi min maganar da ta fi ƙarfin abin da na cancanta daga gare shi. Maman yara da yara suna lafiya. Baƙi sun watse, gidan ya yi faɗi. A waya ba ki ji ni ba sai kuka, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki yadda aka yi.

Takardarki ta ƙarshe ta zo, ban tafi a ranar ba. Ban tafi washegari ba. Na yi ta samun dalili, yau fulawa za a kawo, gobe tanderu ake gyara. Har damina ta ɗauke. Abin da ya tashe ni, wata safiya ce na shiga da faranti, na ga Baba ya kafa wa ƙofa ido, ba ni yake kallo ba, ba farantin ba. Na ajiye na fita, ko riga ban canja ba.

Gwaggo, tudun nan da na yi shekaru ina gani kamar wata ƙasa, kafin gumi ya keto min na isa. 'Yarsa ce a shago. Ta dube ni ta gane ni, ta nuna min ƙofar baya. Na same shi a zaune a tsakar gida, ya tsufa ƙwarai, tsawon nan duk ya lanƙwashe. Na durƙusa na gaishe shi. Jawabin da na haddace a hanya ko kalma ɗaya ban samu faɗa ba. Ya ce, ka zo? Ya dafa bango ya shiga ɗaki, ya fito da kwalabe biyu masu faɗin baki, an rufe su da tsumma.

Ya ce 'yarsa ta koma yis tuntuni, shi dai yana riƙe da tasa a kwalba, yana gasa ɗan ƙarami in ya ji marmari. Ya ce, tun ranar da na ji ruwa ya shiga gidanku na raba ta biyu. Wannan taku ce, kullum ina ciyar da ita ina duban hanya. Na ce masa, me ya hana ka aiko? Ya ce, in na aiko ubanka zai sa a zubar, in na kawo da kaina na sa shi kaffara yana kwance. Ya ce, shi ya sa na ce bari in jira yaron, zai zo. Sai ya yi dariya ya ce, ban san ka gado ubanka har haka ba.

Duk daminar nan, Gwaggo. Duk safiyar da Baba ya juya fuska bango, tana can a kwalba da sunanmu.

Na rungumo ta na sauko, ban biya ta shago ba, ɗakin Baba na wuce. Na ɗaga tsumman na kai masa kusa da hanci. Ya ja numfashi. Idonsa ya buɗe irin yadda ban gani ba tun kafin ruwa. Na tsaya ina jiran faɗa, don ya san ba inda za a samo ƙanshin nan sai wuri ɗaya. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, ina shi? Ya sake kallon ƙofa.

Ashe rantsuwar da nake ta gadi, mai ita ya daɗe da ajiye ta, bakin faɗa ne ba shi da shi. Ni kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Ko a nan ma sai da na sake. Na ce masa, gobe Baba, gobe zan ɗauko shi a mota, ku ci burodin farko tare. So nake in yi abin a tsare, a share gida, a yi sabon gashi. Ya lumshe ido. Na je na yi kwaɓi da yamma na rufe, kin san Tsohuwa ba ta gaggawa. Da safe burodi yana cikin tanderu, ƙanshi ya cika layi har maƙwabta suna leƙowa, sai maman yara ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana hawaye, na gane Baba ya cika. Mai Tanderu ne ya sauke burodin, ni ban san wanda ya ci ba.

Dogo ya zo ta'aziyya, 'yarsa ta riƙo shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Na ce masa Baba ya tambaye ka, maganarsa ta ƙarshe ke nan. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya zauna a kujerar Baba ta bakin ƙofa ya rufe fuska da hula, muka bar shi.

Masu shayi sun fara dawowa. Randa sabuwa tana kan dandamali a ɗakin ƙasa, an yi mata hannaye yadda mutum ɗaya zai iya hawa da ita sama. Kwalba ɗaya tana gidan iyayen maman yara, ta Dogo tana wurinsa, kuma na koya wa duk masu kwaɓina yadda ake ciyarwa. Ba abin da ya ci min rana guda a cikin wannan duka.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga ƙulli, ɓarɓashi ne kamar ɓawon ƙwai. Na shafa ta a faranti ta bushe a inuwa, yadda kika ce tun farko. Auta ya jiƙa da ruwa mai ɗumi, ya ba ta fulawa kaɗan kaɗan, za ta farka. In yana son buɗe gidan burodi da ita, ya buɗe.

Ki yi wa Baba addu'a, ni ma ki sa ni. Har yanzu kullum da safe ina yanke kan burodin farko, sai na ɗora a faranti nake tunawa.

Ɗanki